Taya da janti na motar kat-kat: abin da ya kamata a sani kafin a saya

Duk wanda ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko yake ratsa rairayin ƙauyukan Dakoro ranar kasuwa, ya san taya ita ce ƙafar mota. Da yawa daga masu Hilux da Land Cruiser suna son ƙara girman taya ko su canza janti, wanda wasu ke ce wa wili, don motar ta ƙara tsawo. Abin yana da amfani, amma in an yi shi da ka, ƙarshensa cin mai, lalacewar rulma, ko fashewar taya da mutane a bayan mota. Ga bayani dalla-dalla.

Karanta lambar da ke jikin taya

Mu ɗauki taya mai lamba 265/70 R16. Lamba ta farko, 265, faɗin tayar ce da milimita. Ta biyu, 70, tsawon gefen tayar ne, wato kashi 70 cikin 100 na faɗin, kimanin milimita 185. R na nufin irin saƙar da ke cikin tayar, 16 kuwa girman jantin da za ta hau ne, da inci. In aka haɗa janti da gefe biyu, tsawon tayar gaba ɗaya ya kai wajen milimita 777.

Tsohuwar lamba 7.50 R16, wadda aka saba gani a Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, siririyar taya ce doguwa. Tsawonta ya yi kusa da na 235/85 R16, wajen milimita 806.

Me ke faruwa in an ƙara girma?

A ce an cire 265/70 R16 an sa 285/75 R16. Tsawo ya tashi daga 777 zuwa 834. Amma a kula, cikin motar ba zai ɗaga da milimita 57 ba, rabin wannan ne kawai, kimanin 28, sabili da rabin tayar ne ke ƙasa da aksil. Ribar ke nan: ƙarin yatsu biyu tsakanin mota da tudun rairayin da ke tsakiyar hanya.

Ga kuma abin da za a biya. Tayar ta ƙaru da kashi 7 cikin 100, don haka in agogon gudu ya nuna 100, motar tana wajen 107. Injin zai ji nauyi wajen tashi, a riƙa neman ƙaramar giya a rairayi, kuloci ya sha wuya, gazuwal ya ƙara tafiya. Birki ma sai ya ƙara aiki kafin ya tsaida motar. Motar da ta tashi sama kuma, ga buhuna an jibga, ta fi saurin kifewa a kwana. Shi ya sa ƙari kaɗan, kamar daga 265/70 zuwa 265/75, mai tsawon wajen 804, ya fi kwanciyar hankali.

Zaman janti: lambar ET

A bayan janti akwai rubutu kamar 17x7.5 ET30. Na farko girma da faɗi ne da inci. ET kuwa shi ke nuna inda jantin zai zauna: tazara ce, da milimita, tsakanin tsakiyar faɗin jantin da fuskar da ke mannuwa da mota inda ake ɗaure noti. In lambar ta yi yawa, taya ta shige ciki. In ta ragu, ko ta koma ƙasa da sifiri kamar ET-10, taya ta fito waje.

Misali: an cire janti mai faɗin inci 7.5 da ET30, an sa mai inci 8 da ET0. Bakinsa na waje zai fito da kimanin milimita 36, na ciki kuma ya nisanci ƙarafan ƙafa da wajen 24.

In taya ta shige ciki da yawa, sai ta goga da sifirin, ko shasi, ko tiyon birki. In ta fito da yawa, motar ta ƙara faɗin tsayuwa, amma nauyi ya bar kan rulma, wato boris, ya koma gefe, sai rulma ta riƙa mutuwa da wuri. Sitiyari ya riƙa fizge hannu a kan burji, taya ta riƙa cin madigadi a kwana, tana watsa tsakuwa da laka a jikin mota. Abin da ya fi shi ne a tsaya kusa da lambar da motar ta zo da ita. Zoben ƙarfen da wasu ke cusawa tsakanin janti da mota shi ma fito da taya yake yi, kuma in bai bar wa noti isasshen wurin kamu ba, taya na iya ficewa ana cikin gudu.

Ramukan noti

Ba kowane jantin Toyota ke hawa kowace Toyota ba. Hilux kat-kat, Prado da Land Cruiser 80 suna da noti 6, a kan da'ira mai milimita 139.7. Land Cruiser 78, 79, 100 da 200 kuwa noti 5 gare su, a kan 150. A duba kuma ramin tsakiya, ya zauna daidai, kada ya yi lako-lako. A tabbata kuma jantin bai taɓa birki ba, don akwai motocin da birkinsu bai barin inci 16 ya shiga.

Wace ta dace da hanyoyinmu?

Inda birki ya yarda, janti 16 da taya mai dogon gefe ya fi 18 ko 20. Dogon gefe yana shanye duka a rami, yana kuma ba da damar rage iska. Abin da ke fidda mota daga rairayi ke nan: in an sauke iska zuwa wajen bar 1.5, tafin tayar ya ƙara tsawo, sai ta hau bisa maimakon ta tona. Mota mai kaya da yawa kada a sauke mata sosai. Da an hau kwalta a maida iska, don taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi, a watan Afrilu ko Mayu ba ta daɗewa take fashewa.

Mai alamar AT ta dace da wanda ke haɗa kwalta, burji da rairayi. MT mai manyan haƙora ta laka ce, irin ta gulbi da fadama da damina, amma tana da ƙara a kwalta, tana kuma tona rairayi. Sabili da ƙaya da kututture, a nemi mai alamar LT ko C, don ta fi ƙarfin jiki. A duba lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1120 kowace taya, 120 kuma kilo 1400. Kada a sa wadda ta gaza abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Ƙafa huɗu su zama girma ɗaya, har da safaya. In sun bambanta, aka sa kat-kat, giyar ce za ta biya bashin. Janti mai zobe kuma, wanda ake sa wa tub, yana da sauƙin faci a daji, amma kada kowa ya tsaya gabansa ana ba shi iska, zoben in ya ɓalle yana kisa.

Ga ƴan uwa na waje

Masu aiko da kuɗi ko taya daga Libiya, Najeriya, Kwatano ko Turai, ku sa a ɗauko muku hoton lambar tayar da ke kan motar, da rubutun bayan janti. In ta hannu ce, ku nemi lamba huɗu da ke ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Tsohuwar taya tana iya nuna haƙora amma robar ta bushe. Tayar da aka yi don ƙanƙarar Turai kuma robarta laushi gare ta, zafinmu nan da nan yake cinye ta.

Bayan an ɗaura, makanike ya karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, da kaya a mota, ya ga babu inda take gogawa. Bayan tafiyar kilomita 50 a sake ɗaure noti. Allah ya kiyaye hanya.