Mai Wurno, Garin Da 'Yan'uwanmu Suka Kafa A Bakin Nilu

Jama'a, kowa a Kontagora ya san Sarkin Sudan ake ce wa sarkin garin nan, har yara kan tambaye mu ko sarautar tana da alaƙa da ƙasar Sudan ta su Hartum. To, ba ta da ita. Sudan ɗin nan tana nufin ƙasar baƙar fata, kuma Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ne ya ba ɗan'uwansa Umaru Nagwamatse wannan sarauta a 1859, kafin ya kafa garin a 1864. Amma akwai wata alaƙar ta jini da ba a cika faɗi ba, wadda ya kamata mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato muka zauna a nan mu sani.

Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Umaru ne, Sarkin Musulmi Attahiru kuwa ɗan Ahmadu ne, wato dukansu jikokin Abubakar Atiku ɗan Shehu ne. Nasara sun ci Kontagora a 1901, Ibrahim ya fita, suka kama shi a 1902, sa'an nan suka maido shi kan gadonsa a 1903, ya ci gaba da mulki har 1929. Attahiru bai bi wannan hanya ba. Da aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, sai ya ɗauki tuta ya nufi gabas da niyyar hijira, talakawa suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa, abin da ya fi komai tayar wa Turawa da hankali. A Burmi, ƙasar Gombe, suka tsare shi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da mutanensa fiye da 600. Allah Ya jiƙansu.

Waɗanda suka tsira sai suka bi ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno. A ƙasa suka yi tafiyar, da mata da yara da tsofaffi, ana yada zango a yi noma a sami guzuri a ƙara gaba, har suka isa Kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar. A nan suka kafa gari a 1906, sunan shugabansu ya bi garin. Abin mamaki, Ingilishin da suka guje wa a gida su suka tarar suna mulkin Sudan.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Amurka, kuma kwatanta su yana da amfani. Akwai wata ɗariƙa da ake kira Momon, wadda Joseph Smith ya kafa a 1830, masu wani littafi nasu ban da Baibul. Makwabta suka tsane su, aka yi ta korarsu daga jiha zuwa jiha, har aka kashe Smith a kurkuku a 1844. Magajinsa Brigham Young ya ja jama'a zuwa yamma da kekunan shanu, suka sauka a kwarin Tafkin Gishiri a watan Yuli 1847, wurin da ruwan sama bai isa noma ba. Suka haƙa magudanai daga duwatsu, suka raba filaye, kowa yana ba da ushirin abin da ya samu. Kafin jirgin ƙasa ya iso a 1869 mutum wajen 70,000 sun bi sawunsu. Suka yi rigima da gwamnati a kan auren mace fiye da ɗaya, suka bar shi a 1890, aka ba Yuta matsayin jiha a 1896. Kada mu manta dai, ƙasar tana da masu ita, Indiyawan daji, kuma ture su aka yi.

Mutanen Mai Wurno ba su ture kowa ba, ba su ma da ƙarfin yin haka. Gumi suka kawo. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka riƙe aikin, daga shuka har tsinka. Mai Wurno ya zama zangon alhazai masu tafiyar ƙasa. Mutum ya taso daga Kano da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya aikin shekara ɗaya, shekara ta zama goma, ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Wannan labari ai ba baƙo ba ne a wurinmu, da yawa iyayenmu fatauci ko cin rani ya kawo su ƙasar Kambari, ga mu nan har jikoki.

Inda hanyar ta rabu da ta 'yan Momon ita ce takarda. Su can su ne masu rinjaye, su ke raba fili, shugabansu ma shi aka fara naɗawa gwamnan yankin. A Sudan kuwa dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Wanda ya iso a 1906 ke nan ya makara da shekara tara. Aka haɗa su duka a suna ɗaya, Fallata ko Takari, kalmomin da sau da yawa da raini ake furta su, alhali 'ya'yansu Larabci suke yi kamar kowa, ba su san wata ƙasa ba.

An sassauta dokar daga baya, amma maganar fili ba ta mutu ba. A 2022 Hausawan Jihar Nilu Shuɗi suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ce sarauta ta mai ƙasa ce, baƙo ba ya da ita. Faɗa ya ɓarke a watan Yuli, aka kashe fiye da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala. A watan Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, inda waɗanda suka mutu suka kai wajen 200. Shekara 116 ke nan bayan saukar Muhammadu Bello a bakin wannan kogi.