Labarin Tsohon Garin Daura da Masu Sana'arsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da ƙarfe, ya sanar da Annabi Dawuda ƙirar sulke. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, sababin rubuta wannan takarda shi ne, wata rana wani tsohon majemi ya shigo zaurena ya gaishe ni. Da ya fita, sai wani almajirina ya toshe hanci, ya ce, "Malam, warin jima ya cika mana zaure." Na dubi gafakar da ke rataye a kafaɗarsa, na ce, "Ya ɗana, wa ya jeme fatar da ka sa Alƙur'aninka ciki?" Ya yi shiru. Daga nan na yi niyyar rubuta abin da na ji ga iyayenmu da abin da idona ya gani, tun ƙasa ba ta rufe ni ba.

Fasali na farko, a kan asalin gari. Ka sani, ya kai mai karatu, mata ne suka fara sarautar ƙasar nan a Tsohon Birni, har zuwa Daurama wadda ta komo da gari inda yake yau. A zamaninta aka ce Bayajida ya zo daga Bagadaza ta hanyar Barno. Ya biya Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce ba a ɗiba a Kusugu sai ran Jumma'a, saboda macijin da ake kira Sarki. Ya karɓi guga, ya tafi, ya sare kan macijin. Aka aura masa Daurama, ta haifi Bawo, daga nan ake lissafin Hausa Bakwai. Wallahu a'alamu.

To, ka lura da abin da masu ba da labari suke tsallakewa. Wuƙar nan aikin maƙeri ce. Gugan nan, wani ya haɗa shi, wani ya tuƙa igiyarsa. A wata ruwaya an ce ya bar takalminsa ɗaya a bakin rijiya, wannan kuwa aikin baduku ne. Ashe tun a farkon labari jarumi bai isa bakin Kusugu ba sai da hannun masu sana'a.

Fasali na biyu, a kan juyin sarauta. Bayan hijirar Shehu Usmanu ta 1804, Malam Isiyaku ya karɓi tuta, ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyarsa suka zauna Zango da Baure kimanin shekara ɗari. A 1906 Nasara suka komo da Malam Musa daga Zango. Bayansa ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, sa'an nan Muhammadu Bashar har 2007, sa'an nan aka naɗa Umar Faruk Umar. A cikin wannan juyi duka wutar maƙera ba ta mutu ba, gama kowane sarki yana bukatar linzami da likkafa, kowane talaka yana bukatar fartanya.

Fasali na uku, a kan sana'o'i kamar yadda na same su. Ina yaro, idan an tashe mu daga karatun safe, mukan bi lungunan cikin gari, kunne da hanci su gaya mana inda muka kai. Ƙarar masaba kan uwar maƙera ita ke fara tarbarmu. Yaro na zuga, maƙeri na riƙe da awartaki, a fitar da garma da lauje da gatari. Tsofaffinsu sun gaya mini dā tama ake haƙowa, a narka ta da gawayi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsohon ƙarfen Turai ya yawaita, narkar tama ta yi ta ja da baya har aka bar ta.

Sa'an nan majema. Su jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka har gashi ya saki, su kankare, su wanke, kana su tsoma ta cikin ruwan bagaruwa har ta jemu. Daga nan sai hannun dukawa: ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da kuloko. Su ɗinka kube da layu da kayan doki da ake ado da su ran hawan Gani, da tadarishin littafi. Irin jar fatar nan ta ƙasar Hausa ayari ke ɗauka, ta ratsa hamada zuwa Tarabulus da sauran biranen Magariba, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wanda ya sha warin daban, wanda aka sa wa sunan daban. Daura kuwa tana kan hanyar Kano zuwa Damagaram, fatake ba su yanke mata ba.

Sa'an nan marina. Karofi rami ne mai zurfi, a zuba ruwa da baba da toka da katsi, a yi ta motsawa kwana da kwanaki har ya nuna. Abin mamaki, zane yakan fito kore, sai iska ta buge shi ya koma baƙi-baƙi a gaban idonka. A kai wa mabuga, su zuba shuni, su buga kan gungume har ya yi walƙiya. Zaren kuwa mata suka kaɗa da mazari a cikin ɗaki, masaƙa suka saƙa shi ƙwarya ƙwarya.

A nan akwai hikimar da nake so ka riƙe. Katsin da ya kwanta a gindin karofi ba a zubar da shi. Magina su karɓa, su gama da gashin da majema suka kankare da ruwan dafara, su yi laso, su shafe soro don kada ruwan sama ya ci shi. Dattin wannan shi ne jarin wancan. Mu ma malamai muna cikin wannan sarƙa: allonmu daga masassaƙi, wuƙar fiƙe alƙalami daga maƙeri, buzun da muke zama daga majemi. Takardar kakanninmu mai alamar wata uku daga Italiya take, raƙuman da suka kai fata su suka kawo ta.

Fasali na huɗu, a kan abin da ya auku. Yadin kanti ya kashe kasuwar saƙi, garin rini na kwalba ya rage marina, roba ta maye gurbin fata, siminti da kwano suka kori laso. Na san wurin da muke tsayawa kallon marina, yau an cike ramukan an yi ɗaki a kai. Rijiyar Kusugu an gina mata ɗaki, baƙi na zuwa daga nesa su sha ruwanta, wannan abu ne mai kyau. Amma rijiya ba ta mantuwa, sani na hannu shi ke tafiya da mai shi kabari.

Ban ce a ƙi sabon abu ba, ni ma da tabarau nake wannan rubutu. Abin da nake cewa, Imamu Gazali ya lissafa sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su cikin farillan kifaya, a littafinsa Ihya'u. Idan gari duka ya bar su, gari duka ya yi laifi. Kuma ya inganta cewa Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Saboda haka wanda ya rena majemi don wari, ko maƙeri don baƙin hannu, bai fahimci karatunsa ba.

Almajirin nan nawa, na aike shi gidan majemin ya ba shi haƙuri, ya kuma zauna ya rubuta yadda ake jima daga bakinsa. Haka nake roƙon duk wanda ya juyi wannan takarda, ya je ga tsohon mai sana'a na unguwarsu, ya tambaye shi, ya ƙara a gefen takarda. Wanda ya ga kuskure ya gyara, ya sa ni cikin addu'a.

Tamat bi hamdillahi wa husni aunihi. Allah ya gafarta wa mai rubutu da mai karatu da iyayenmu baki ɗaya, amin.