Georgetown Prep: makarantar da aka biya bashinta da kuɗin bayi

A Maryland ta ƙarni na 18, lokacin tana ƙarƙashin Ingila, doka ta hana mabiya ɗariƙar Katolika buɗe makaranta. Mai hali sai ya ɗora ɗansa a jirgin ruwa ya tura shi Turai. Haka aka yi wa John Carroll. Yana yaro aka kai shi kwalejin 'yan Jesuwit da ke Saint-Omer a arewacin Faransa a 1748, bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba sai 1774, shekara guda bayan Paparoma Clement na 14 ya rushe ƙungiyar tasu.

Wanda ya sha wannan wahalar ba ya so ta maimaitu a kan 'ya'yan wasu. Da Amurka ta sami 'yanci, Carroll ya dage sai an gina makaranta a gida. A watan Janairun 1789 aka mallaki fili a kan tudu, a gefen kogin Potomac, a garin Georgetown, kuma a wannan shekarar ce aka naɗa shi bishop na farko na Katolika a Amurka. Abin yabo ne cewa tun daga farko ya ce ƙofar a buɗe take ga yaro kowace iri ce aƙidarsa.

Ɗalibin farko, William Gaston, ya iso daga North Carolina a Nuwamban 1791 yana ɗan shekara 13, aka fara karatu a Janairun 1792. Shi wannan yaron ne ya girma ya shiga Majalisar Wakilai, ya gabatar da ƙudurin da ya ba makarantar izinin bayar da digiri, Shugaba James Madison ya sa hannu a 1815. A lokacin ƙananan yara masu haddar nahawun Latin da samari masu neman digiri duk harabarsu ɗaya, cocinsu ɗaya. Sashen yaran nan shi ne tushen abin da ake kira Georgetown Prep a yau.

Sai dai kuɗin tafiyar da wurin daga ina yake fitowa? Wani kaso daga gandayen taba na 'yan Jesuwit a Maryland, waɗanda bayi baƙar fata ke nomawa. Da bashi ya kai wa makarantar iya wuya, a 1838 Fada Thomas Mulledy da Fada William McSherry suka sayar da mutum 272, maza da mata da yara, ga Henry Johnson da Jesse Batey, masu gandaye a Louisiana, a kan dala dubu 115. Sunan farko a takardar cinikin shi ne Isaac Hawkins, dattijo ɗan shekara 65. Mutanen nan 'yan Katolika ne, limaman da suka yi musu baftisma su ne suka sa musu farashi. Shugaban ƙungiyar Jesuwit a Roma, wadda a lokacin an riga an dawo da ita, ya gindaya sharuɗɗa: kada a raba iyali, kada a hana su ibada, kada a biya bashi da kuɗin. Ba a cika su ba. An raba wasu da danginsu, kuma an ɗebi wani kaso na kuɗin an biya bashin kwalejin. Duk wanda zai ba da tarihin bunƙasar wannan makaranta ya tsallake 1838, a ganina bai yi wa mai karatu adalci ba, domin ba a kauce wa wannan shekarar a hanyar da ta kawo ta yau.

Daga nan makarantar ta tsallake Yaƙin Basasa da ƙyar, ɗalibanta sun watse, wasu sun bi Arewa wasu Kudu. Bayan yaƙin aka ɗauki shuɗi da ruwan toka, launukan kakin ɓangarorin biyu, a matsayin alamarta. A 1919 aka ɗauke sashen yara daga birnin Washington zuwa wani fili mai faɗin eka kusan 90 kusa da Garrett Park a Maryland, a 1927 kuma ya rabu da jami'ar ya tsaya da ƙafarsa.

Yanzu makarantar share fagen shiga jami'a ce ta maza zalla, akwai 'yan kwana akwai masu jeka-ka-dawo. Alƙalai biyu na Kotun Ƙolin Amurka, Neil Gorsuch da Brett Kavanaugh, nan suka yi karatu, haka ma Jerome Powell da ya zama shugaban Babban Bankin ƙasar a 2018. Zuriyar waɗanda aka sayar kuwa sai a Afrilun 2017 jami'ar Georgetown da 'yan Jesuwit suka tsaya a gabansu suka nemi gafara, aka sa wa wani gini da a da yake ɗauke da sunan Mulledy sunan Isaac Hawkins, bayan shekara 179 da cinikin.