Dokar Laifi Uku: Yadda Kalifoniya Ke Hukunta Mai Maimaita Laifi

A mafi yawan ƙasashe, doka tana bambanta wanda ya fara aikata laifi da wanda ya mayar da shi ɗabi'a. Alƙali kan sassauta wa na farko, ya tsananta wa na biyu. Takaddamar da ke tsakanin masana shari'a ita ce iyakar wannan tsanantawa, kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ce misalin da aka fi kafa hujja da shi.

A 1994 jihar ta kafa dokar da aka fi sani da Dokar Laifi Uku, bayan wani tsohon fursuna ya sace wata yarinya 'yar shekara 12 ya kashe ta a 1993. Dokar ta ginu ne a kan tunanin cewa hali zanen dutse ne. Wanda aka taɓa samu da babban laifi sau ɗaya, in ya sake, za a ninka masa hukunci. Wanda aka samu sau biyu kuwa, laifi na uku zai jawo masa ɗaurin rai da rai, ba za a duba yiwuwar sakinsa ba sai ya shafe shekara 25, ko da laifin bai haɗa da tashin hankali ba.

A nan matsalar ta bayyana. Gary Ewing ya saci sandunan wasan golf guda uku, aka yanke masa wannan hukunci. Leandro Andrade ya saci kaset-kaset na bidiyo na kimanin dala 150 a shaguna biyu, aka ce sai ya yi aƙalla shekara 50. A 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta bar hukuncin biyu yadda suke, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu.

Gidajen yarin jihar sun cika maƙil, har kotun ta umarci a rage cunkoson a 2011. A 2012 masu zaɓe suka gyara dokar ta hanyar ƙuri'ar raba gardama: in ban da wasu keɓantattun yanayi, dole laifi na uku ya kasance babba ko na tashin hankali, kuma waɗanda ke ɗaure suka sami damar neman a sake duba hukuncinsu.

Har yanzu tsohon laifi yana ƙara nauyin hukunci a Kalifoniya. Abin da aka janye shi ne barin lissafi kaɗai ya yanke wa mutum makoma, ba tare da auna girman abin da ya aikata ba.