Gardamar Berthollet da Proust a kan haɗaɗɗen sinadari da gauraye

Bambancin da muke koya wa ɗalibbai a darasin farko, tsakanin haɗaɗɗen sinadari da gauraye da narkakke (abin da Faransanci ke kira composé, mélange da solution), bai samu cikin sauƙi ba. Sai da aka yi kusan shekara goma ana gardama a kansa.

A 1798 Claude-Louis Berthollet ya bi rundunar Napoleyon zuwa Masar. A farkon 1799 ya ziyarci tafkunan Wadi Natrun, inda ya ga kanwa tana fitowa a bakin ruwa. Ya gane cewa gishiri mai yawa ne ke aiki a kan dutsen alli yana haifar da ita, akasin abin da aka saba gani a ɗakin gwaji. Daga nan ya yanke cewa yawan kayan da aka haɗa yana sauya sakamako. A nan ya yi gaskiya. Amma a littafinsa na 1803, Essai de statique chimique, ya zarce: wai abu biyu suna iya haɗuwa bisa gwargwado mai sauyawa. Hujjarsa ita ce gilashi, da gamin ƙarafa, da ruwan gishiri.

Joseph-Louis Proust, wanda ke aiki a Ispaniya, bai yarda ba. Tun 1799 ya nuna cewa karbonat ɗin jan ƙarfe da aka haƙo da wanda ya haɗa da hannunsa gwargwadonsu ɗaya ne. Misalan Berthollet, a ganinsa, gauraye ne ko narkakku. Tataccen ruwa, ko daga ina ya fito, giram 1 na idirojen ne ga giram 8 na oksijen. Ruwan gishiri kuwa, ana iya zuba giram 5 ko 30 cikin giram 100 na ruwa, har zuwa wajen 36, kuma in ruwan ya ƙafe gishirin ya dawo. Ita kanta kanwa, irin ta ƙasar Manga, gauraye ce ta karbonat da gishiri da sulfat da ƙasa. Shi ya sa ƴan kasuwa ke raba jar kanwa da fara, kowace da kuɗinta.

Ra'ayin atom na John Dalton a 1808, da awon Berzelius bayansa, suka ba Proust rinjaye. Sai dai littattafan makaranta sukan manta da ƙarshen labarin. A farkon ƙarni na 20 Nikolai Kurnakov na Rasha ya nuna akwai daskararrun sinadarai masu gwargwado mai ɗan sauyawa, ya raɗa musu suna berthollides. Oksid ɗin baƙin ƙarfe da ake kira wüstite yana cikinsu: atom ɗin ƙarfensa ba su cika ɗaya ga kowane atom na oksijen.