Wakilin Akwati da Bashin Tsaro: Siyasar Mazaɓa a Katsina, 2015 zuwa 2023

Wanda ya san siyasar Katsina daga ciki ya san ba a filin wasa na Karkanda ake cin zaɓe ba. Taron gangami ado ne. Aikin yana hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa, da shugabar mata, da wakilin akwati, mutanen da ke zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, suke zama a majalisar ƙofar gida bayan isha'i, suka san wanda ya karɓi katin zaɓe da wanda ya ɓatar da nasa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma kowace jam'iyya mai rai tana ƙoƙarin samun irin waɗannan mutane a ko'ina. Jarinsu guda ɗaya ne, wato a yarda da maganarsu. Abin da yaƙi da Boko Haram da 'yan bindiga ya yi wa siyasar Katsina shi ne ya fara kumbura wannan jari, daga baya ya mayar da shi bashi a wuyan masu shi.

Tsarin ya daɗe. Tun zamanin NPC da NEPU, ɓangare ɗaya yana jingine da hakimai da dagatai da masu unguwanni, ɗaya kuma yana bin zaure-zaure da rumfunan kasuwa. Gidan 'Yar'aduwa ya ga duka biyun: Musa 'Yar'aduwa ministan NPC ne a jamhuriya ta farko, ɗansa Umaru kuma ya shiga PRP a ta biyu, sannan ɗan'uwan Umaru, Shehu, ya gina ƙungiyar da ta ratsa ƙasar nan da hikimar riƙe mutum a kowace mazaɓa. Da aka ƙirƙiro jihar a 1987, wannan gado ne PDP ta ci, ta riƙe gidan gwamnati daga 1999 har 2015, duk da farin jinin Muhammadu Buhari a titi. Magoya bayan Buhari sun koyi darasi daga kayen 2003 da 2007 da 2011: ƙauna ba ta ƙirga ƙuri'a. Daga nan kiran a kasa, a tsare, a raka ya zama aikin yi.

A 2015 yaƙin yana nesa, can Borno da Yobe da Adamawa. Ya shigo zaɓen ta ƙofar hukuma, lokacin da INEC ƙarƙashin Attahiru Jega ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, bisa hujjar cewa sojoji sun duƙufa a kan Boko Haram. Ga ɗan jam'iyyar APC a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa, wannan yaƙi kayan talla ne mai saurin shiga. Ba ya bukatar dogon bayani: Buhari janar ne, ɗan jiha ne, zai gama da su. Har makonni shidan da aka ƙara sun amfane shi, domin an sami sararin bin gida-gida a kan karɓar kati. 'Yan PDP kuwa, da gwamnatin jiha a hannunsu, sai ɓoye hula suke yi, musamman bayan jifan ayarin Goodluck Jonathan a birnin Katsina a watan Janairu. Sakamakon ya nuna haka: Buhari ya haura ƙuri'a miliyan 1.3, Jonathan bai kai dubu 100 ba. Kalmar "sak" ta ɗauke wa wakilin akwati rabin wahalarsa, tun daga shugaban ƙasa har ɗan majalisar jiha.

Sai yaƙin ya tashi daga labaran rediyo ya sauka dajin Rugu. Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume suka zama bakin daga. Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada sulhu da 'yan bindiga, ya rushe. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, Buhari yana Daura a lokacin. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, aka rufe kasuwannin dabbobi. 'Yan gudun hijira suka cika kangwaye a gefen birni. A nan ne aikin mutumin mazaɓa ya juye. Shi ne ya rantse wa maƙwabta a 2015, shi ake gani a masallaci, ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa idan ana haɗa kuɗin fansa. Minista yana Abuja, shi kuwa ba shi da wurin ɓuya. Ga kuma matsalar aikin kanta: ƙauyen da ya watse ba a yi masa kamfe, mai katin da akwatinsa ke Batsari yana kwana a Katsina, kuma ba kowane wakili ne zai yarda ya raka sakamako da dare a hanyar da ake tare motoci ba. A 25 ga Fabrairun 2023 Atiku Abubakar na PDP ya ci jihar da kusan ƙuri'a dubu 489, Bola Tinubu na APC yana biye da kusan dubu 482, a mahaifar shugaba mai ci.

Za a ce ai sauyin takardun naira ne ya jawo, ba tsaro ba. Ƙarancin kuɗi ya ƙona mutane ƙwarai, ya kuma hana jam'iyyu abin sallamar wakilai. Amma a wannan rana, a rumfuna ɗaya, da aljihu ɗaya marar kuɗi, APC ta lashe kujerun sanata uku na jihar. Ashe tsarin jam'iyyar bai mutu ba. Masu aikin sun zaɓi inda za su kashe ragowar mutuncinsu, kuma ba su kashe shi a kan kujerar da sojoji da 'yan sanda ke ƙarƙashinta ba. Za a kuma ce Buhari ba ya cikin takara, Tinubu Bayarabe ne, Atiku ɗan Arewa. Wannan hujja ta fi nauyi, ba kuma a ture ta. Sai dai zubewar ta fara tun Buhari yana kan takarda: a 2019 Atiku ya haura dubu 300 a Katsina, ninki uku na abin da PDP ta samu a 2015, daidai lokacin da hare-hare suka fara tsananta a yammacin jihar.

Zaɓen gwamna na 18 ga Maris ya ƙara fito da abin fili. Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya sami kusan dubu 860, Yakubu Lado na PDP kusan dubu 487, wato PDP ta tsaya inda take, APC ce ta dawo da mutanen da suka zauna gida makonni uku kafin nan. Wakilin akwati ya sami abin faɗa da zai iya tsayawa a kansa: ɗan takarar da ake iya samu a gida, da alkawarin ɗaukar 'ya'yan yankunan su tsare garuruwansu. A Oktoban shekarar aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, kuma a kanta ne za a tare waɗannan mutane na mazaɓa da tambaya a 2027.