Amosanin Jini da Annobar Korona: Abin da Ya Shafi Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Tun kafin likitocin Turawa su raɗa mata suna, mutanen ƙasar Gwandu sun san cutar nan da a yau ake kira sikila. Sun san yaron da kan kwana yana kuka da ciwon gaɓoɓi idan sanyin hunturu ya sauko, idanunsa su yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Wasu su ce amosani ne, wasu su ce sanyin ƙashi. In mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, sai a ce wabi take yi, kuma babu shakka cikin waɗannan 'ya'ya akwai waɗanda wannan cuta ce ta ɗauke su. Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma wannan ciwon ƙashi ne wanda babu karaya a cikinsa, don haka ya fi ƙarfin maɗori.

Cikin 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya ba da labarin wani ɗalibi baƙar fata wanda ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. Cikin 1954 kuma Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa wanda ya gaji irin cutar daga ɗaya cikin iyayensa kaɗai, watau mai AS, ya fi sauran yara tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai kisa. Wannan shi ne dalilin yawanta a ƙasashen fadama da gulabe irin na Kabi, gama sauro ya yi ta ɗibar masu AA yana barin masu AS, su kuwa in suka auri juna, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS. Binciken da aka yi a Garki, cikin Jihar Kano ta wancan zamani, daga 1969 zuwa 1976, ya sami kamar jarirai 2 cikin 100 da SS, amma cikin waɗanda suka wuce shekara tara da ƙyar ake samun ɗaya. Mai karatu ya san inda sauran suka tafi.

To, a kan wannan tsohon ciwo ne sabuwar annoba ta sauka. Korona ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin cikin Disamba 2019, aka tabbatar da ita a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020, ta iso Jihar Kebbi a ƙarshen Afrilu. Likitoci sun ji wa masu sikila tsoro, kuma da hujja. Ƙwayar korona huhu take nema. In huhu ya kumbura iskar da ke shiga jini takan ragu, ƙarancin iska kuwa shi ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai SS, su toshe ƙananan jijiyoyi, har da na huhun kansa, sa'an nan iska ta ƙara raguwa. Zazzaɓi ya ƙafar da ruwan jiki, jini ya yi kauri. Saifa kuma, wadda ke tace ƙwayoyin cuta, takan lalace wa yawancinsu tun suna ƙanana.

Abin da aka gani ya gaskata tsoron, ko da yake ba kamar yadda aka zata duka ba. Cikin masu sikila 178 da aka fara lissafawa a Amurka a 2020, an kwantar da 122 a asibiti, 13 suka rasu. A Faransa, cikin 83 da aka kwantar, biyu ne suka rasu, ciwon kuma ya fi tsananta ga waɗanda suka kai shekara 45. Yara galibi sun tashi. Wani abu da ya kamata malaman kwalejojin horo su riƙe shi ne, da yawa ba da tari suka zo ba, da ciwon ƙashin nan da suka saba suka zo, sai gwaji ya nuna korona ce ta tayar da shi.

A ganina, ga mutumin Maiyama ko na ƙauyukan Aliero, hatsarin bai tsaya ga ƙwayar cutar ba. Jega gari ne na kasuwa da mahaɗar hanyoyi tun bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi wajen 1820. Nan hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri suka gamu, nan albasar Aliero kan bi. Da Gwamnatin Tarayya ta hana tafiya tsakanin jihohi, har zuwa 1 ga Yuli 2020, sai Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, ta zama wata jiha da ba a shiga sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Mai sikila kuwa rayuwarsa a rataye take da hanya: ƙarin jini, da iskar numfashi, da maganin ciwo mai ƙarfi, duk sai a babban asibiti. Jinin ma a ƙasar nan yawanci dangi ne ke bayarwa, dangi kuwa sai da mota suke isowa. Ga shi kuma mutane suna gudun asibiti don tsoron kada a killace su, alhali ciwon ƙirjin mai sikila ba ya jiran kwana biyu.

Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris 2021, aka fara da ma'aikatan lafiya, sa'an nan tsofaffi da masu wata cuta a jiki. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona.